Daga ofishin ma'aikata zuwa karatun lauya: yadda ake ciki

20 ga Agusta, 2023

Bana zan koma aji. Mun gama shawara da maigida, na sanar da Inna, na kuma fara tara takardun shiga tsangayar shari'a da kimiyyar siyasa ta Jami'ar Garwa, nan arewacin Kamaru. Tun da aka kafa jami'ar a Janairun 2022, tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa, abin yake raina. Aji ɗaya zan fara, tare da yaran da suka ci bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, bana, ni kuwa na kusa arba'in, ga 'ya'ya ga aiki.

Fiye da shekara goma ina ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin jigilar kaya, mai tirelolin da ke zirga-zirga tsakanin Ngaundere da Garwa da Kuseri har Njamena. Ni ke rubuta kwangilar aiki, ni ke lissafin hutu, ni ke kai sunaye CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, ni ce kuma ke miƙa takardar sallama. Wanda ya yanke hukuncin yana sama, ba a ganinsa, ni ake gani. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Akwai gidajen da har yau in na je biki ko ta'aziyya, gaisuwar matar gidan ba ta wuce "sannu".

Ba fushin mutane ne ya tayar da ni ba. Yadda suke karɓar takardar ne ya tsaya mini a rai. Yawancin direbobinmu da masu lodi da masu gadi sun yi karatun allo, wasu har da sauka, amma Faransanci ba nasu ba ne. Mutum zai karɓa, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya fita. Dokar ƙwadago ta 14 ga Agustan 1992 ta ba shi abubuwa da dama da bai san da su ba, ni kuma na sani, amma kujerar kamfani nake kai. Tawakkali abu ne mai kyau, sai dai bai ce mutum ya bar haƙƙinsa a teburin wani ba. Ina son in zauna inda aka halatta mini in gaya masa hakan.

9 ga Oktoba, 2023

Na biya kuɗin rajista, sefa 50,000 na shekara, yadda yake a jami'o'in gwamnati. Shugaban ofishinmu ya yarda in riƙa fita wasu safiya, in rama da yamma da ranar Asabar. Yaran ajin "Mama" suke ce mini. Wata yarinya 'yar Marwa ta ɗauki nauyin turo mini hoton rubutunta ta WhatsApp duk ranar da ban samu zuwa ba. Allah Ya yi mata albarka.

16 ga Disamba, 2023

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne salon tunani. A ofis tambaya ɗaya ce: me sashe kaza ya ce? Ka buɗe, ka karanta, ka aiwatar. A nan malami yana son ka faɗi wa ya kafa wannan ƙa'idar, wane matsayi gare ta, me ke samanta, me kotu ta ce a kanta. Sannan duk amsa sai an kasa ta gida biyu, kowane gida kuma ya rabu biyu. Hannuna ya saba da wasiƙar ofis mai layi biyar, sai da na yi ta bita kafin ya miƙe.

Amfanin ya zo da wuri. Akwai al'adar da na tarar a wurin aikinmu ta yanke wa mutum wani abu daga albashi idan ya makara ko ya yi sakaci. Na daɗe da sanin sashe na 30 na dokar ƙwadago ya hana mai ɗaukar aiki cin tarar ma'aikaci. Abin da ya bari shi ne dakatarwa, ita ma ba ta wuce kwana takwas na aiki, sai a rubuce, sai kuma an sanar da sufeton ƙwadago. Duk sanda na ɗaga maganar, sai a ce ai yana cikin dokar cikin gida ta kamfani. Wannan karon na shiga da tsani a hannu: dokar cikin gida tana ƙarƙashin yarjejeniyar gama-gari ta sana'a, ita kuma tana ƙarƙashin dokar ƙasa, abin da na sama ya haramta na ƙasa ba ya halatta shi, ko da ma'aikaci ya sa hannu. An cire layin.

Darasin da ya fi taɓa ni shi ne na mutum da iyali. Har yanzu a yankunan da ke bin tsarin Faransa, wato takwas cikin goma na ƙasar, kundin farar hula na 1804 ne ginshiƙi, sannan ga dokar 29 ga Yunin 1981 kan rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wadda ake bi a wannan shekarar ta 2023. Malami yana bayani a kan allo, ni kuwa fuskoki nake gani. Direba ya rasu a hanya. An ɗaura auren a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi da shaidu da sadaki, aure cikakke a addini, ba mai ja. Matar ta fita takaba ta zo ofishina da goyo, a kan maganar fanshon mijinta. Abu na farko da za a nema shi ne takardar aure ta ma'aikatar magajin gari, babu. Takardun haihuwar yara, biyu suna da ita, uku ba su da ita. Shekara da shekaru ana cire masa kashi 4.2 cikin ɗari na albashinsa, kamfani na ƙara wani 4.2, ga kuɗin can, ga masu haƙƙi nan, takarda ta shiga tsakani. Akwai hanyar gyara ta kotu, hukuncin da ke maye gurbin takardar da ba a yi a kan kari ba, amma tana cin lokaci da kuɗin mota, kuma mace mai sabon rashi ba ta da ƙarfin wannan zirga-zirga. Takardar auren nan ba ta hana mutum ƙara aure, a ranar ake tambayarsa ko mace ɗaya ya zaɓa ko fiye, a rubuta. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba, shi ya sa suke gudunta. Tun daga wannan watan, duk wanda ya zo sa hannu a kwangila sai na tambaye shi takardun iyalinsa, ko da ba ya cikin abin da aka ce in nema.

24 ga Fabrairu, 2024

An gama jarrabawar zango na farko. Bayan sallar asuba nake karatu, kafin yara su tashi, don da dare kaina ba ya ɗauka. Tsarin mulki da gabatarwa ga shari'a sun zo da sauƙi, tattalin arziki ya ja ni ƙasa.

30 ga Maris, 2024

Azumi ga zafin Garwa, ga ɗauke wuta. Karatu ya ja baya, ban kuma tilasta ba.

Bayan shan ruwa Kawu ya kai ni wurin wani abokinsa, tsohon lauya, don in ji gaskiyar hanyar da ke gabana. Bai ɓoye mini komai ba. Alƙalanci ya wuce ni: ENAM, makarantar horar da alƙalai da ma'aikatan gwamnati da ke Yawunde, ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara 32 ta ƙofar sababbin shiga. Saura lauyanci, wanda dokar 19 ga Disamban 1990 ta tsara. Bayan lisans, wato digirin farko, sai ka ci jarrabawar shiga horo, ka yi shekara biyu a ofishin wani lauya, ka sake wata jarrabawar, sannan a rubuta sunanka a jerin ƙungiyar lauyoyi, wadda ɗaya ce tak a duk ƙasar. Jarrabawar farkon ba kowace shekara ake yinta ba. An yi a 2014, ba a sake ba sai bana. Wannan jiran ne ya sa wasu suka tafi Ruwanda, wasu Najeriya, suka zama lauyoyi a can suka dawo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ga Yola nan kusa, na ji akwai reshen makarantar lauyoyi ta Najeriya."

Ya ce, "Akwai, 'yata, amma su tsarin Ingila suke bi, ke kuwa na Faransa kike karantawa, kuma da Turanci ake yi. Ba ƙofar da za ki tura kawai ki shiga ba ce." Sai ya ƙara da abin da ya fi nauyi: lauya ba ya zama ma'aikacin albashi na wani. Ranar da na shiga sahu, ranar zan ajiye aikin da ke ciyar da rabin gidanmu, kuma mai horo ba ya samun abin kirki.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Maigida ya saurara har na gama, ya ce, "To, yanzu kin san tsawon hanyar. Ki gama lisans ɗin tukuna, shi ba wanda zai karɓe miki." A kan haka muka tsaya.

20 ga Yuli, 2024

Na haye aji biyu, alhamdu lillahi. Inna ta sa an yi waina an rarraba wa maƙwabta.

31 ga Agusta, 2024

Hutuna na shekara, wanda doka ke lissafawa kwana ɗaya da rabi a kowane watan aiki, a bencin kotu na cinye shi, ina sauraron shari'o'in ƙwadago. Ban taɓa ganin ƙarshen takardun da nake rubutawa ba sai yanzu.

Ga yadda abin yake tafiya. Ma'aikaci ba ya zarcewa kotu kai tsaye, sai ya fara zuwa wurin sufeton ƙwadago a gwada sulhu. In an daidaita, a rubuta, magana ta ƙare. In an kasa, sufeto ya ba da takardar shaidar rashin sulhu, ita ce mabuɗin kotu. Abin da ake nema in bai wuce sefa miliyan 10 ba, ƙaramar kotu ce, in ya wuce, babba. Doka ta ce shari'ar ƙwadago kyauta ce, har a ɗaukaka ƙara. Ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin tabbatar da cewa dalilin sallamar halastacce ne. Wannan babbar garkuwa ce ga ma'aikaci, in ya san tana hannunsa.

Wani dattijo mai gadi ba zai fita raina ba. Ya zo da baƙar leda, ya kwance ta a gaban alƙali da hannu biyu. A ciki akwai takardun albashi, wasu sun koɗe har ba a ganin lamba, wasu mai ya taɓa, da katin aiki mai hotonsa tun gemunsa na baƙi. Da Fulatanci yake magana, tafinta na juyawa. Labarinsa a jere yake, tun ranar da aka ɗauke shi, amma duk abin da alƙali ya tambaya kwanan wata ne da lamba: yaushe aka daina biya, nawa ne, wace rana aka ce kada ya sake zuwa. Lauyan ɗaya ɓangaren kuwa ya buɗe fayil mai tsabta: takardar neman bahasi, gargaɗi na farko, na biyu, duk da kwanan wata da sa hannu. Na san irin wannan fayil, na san yadda ake gina shi. Daga inda nake zaune na hango abin da ya kamata a tambaya: wa ya karanta masa takardun kafin ya dangwala yatsa, kuma me ya sa gargaɗin biyu suka zo kusa da juna haka bayan shekaru ba ko ɗaya? Ba wanda ya tambaya, shi kuma ba shi da mai tsaya masa. An ɗage zaman.

A ranar na tabbata shekarun da na yi a ofis ba asara ba ne. Yaran ajinmu sun fi ni saurin hadda, amma ba su taɓa riƙe takardar albashi sun gane inda aka ɓoye abu ba.

Ga mai bukata, lissafin kuɗin sallama ba wuya gare shi ba. Wanda ya yi aƙalla shekara biyu, aka sallame shi ba don babban laifi ba, ana ɗaukar matsakaicin albashinsa na wata a shekarar ƙarshe. Kowace shekara cikin biyar na farko kashi 20 cikin ɗari, daga ta shida zuwa ta goma 25, zuwa ta sha biyar 30, zuwa ta ashirin 35, abin da ya haura 40. A ce direba ne mai sefa 120,000, ya yi shekara 12: biyar na farko 120,000, biyar na biyu 150,000, biyun ƙarshe 72,000, jimilla 342,000. Wannan ban da kuɗin wa'adin sanarwa in ba a ba shi wa'adin ba, ban da hutun da bai ci ba. In kuma kotu ta ga sallamar zalunci ce, diyyar ba ta gaza albashin wata uku, ba ta kuma wuce albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar aiki. Bashin albashi yana da wa'adi, shekara uku. Wanda ya yi ta haƙuri har ta wuce, ya rasa.

23 ga Nuwamba, 2024

Aji biyu ya fi nauyi. Dokar alƙawari da diyya ta shige ni, don sashe na 1384 na kundin farar hula, wanda ke ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, kullum muna cikinsa a harkar tirela. Dokar mulki kuwa, wato wadda ta shafi ayyukan hukumomin gwamnati, sai a hankali. Mun shafe makonni a kan hukuncin Blanko na 1873, wata yarinya da keken masana'antar taba ta gwamnati ya buge a Bordo ta ƙasar Faransa, wanda daga kansa aka ware shari'ar gwamnati daga ta sauran mutane. Ina karantawa ne don dole.

8 ga Fabrairu, 2025

Abin da nake tsoro ya fara zuwa. Labari ya bazu a gareji cewa Hajiya tana karatun lauya.

Daren jiya bayan isha'i aka yi sallama. Wani tsohon direbanmu ne, sa'an mahaifina, wanda aka sallama kwanan baya. Maigida ya shigo da shi zaure, na fito da mayafi na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, ba rigima na zo yi ba. An ce ke kin san doka. Ki dube ni don Allah ki gaya mini, an cuce ni ko ba a cuce ni ba?"

Fayil ɗinsa yana cikin durowata a ofis. Na san abin da ke ciki da abin da babu. Amma amana ce aka ba ni, ina cin albashinta, kuma wanda zai zama lauya ya fara da fitar da sirrin wanda ya amince masa, ban ga abin da zai gina a kai ba. Na ce, "Baba, abin da ke cikin ofis ba zan iya buɗe maka ba, ka yafe mini. Abin da ke cikin doka kuwa na kowa ne." Na gaya masa ya tattara takardun albashinsa da takardar sallama, ya je wurin sufeton ƙwadago, ba a biyan ko dala. Ya ce ai ya riga ya sa hannu a takardar da ta ce ya karɓi duk haƙƙinsa, ba ya bin kowa komai. Na ce sashe na 69 ya ce irin wannan sa hannun ba ya toshe wa ma'aikaci neman abin da doka ta ba shi. Ya yi shiru, ya sa na maimaita. Na kuma ce ya tafi da wakilin ƙungiyar ƙwadago ko wani ɗansa mai karatu.

Da safe na shiga wurin shugaba na gaya masa mutumin ya zo gidana, da abin da na faɗa masa, kalma da kalma. Bai ji daɗi ba. Na gwammace ya ji daga bakina. Na kuma ba shi shawarar a sake duba lissafin kafin sufeto ya kira, don sulhu ya fi wa kamfanin araha.

Zama a tsakiya irin wannan ba zai ɗore ba, na sani. A makon nan ma aka so in shirya takardar sallamar wani wakilin ma'aikata, na ce sashe na 130 ya hana sai da izinin sufeto, in aka yi ba izini sallamar ba ta da inganci. An fasa, amma kallon da ake mini ya sauya.

19 ga Afrilu, 2025

Mun shiga dokokin OHADA, na kasuwanci da ƙasashe 17 suka yi tarayya a kai tun yarjejeniyar 1993, da mu da Chadi da Nijar duk a ciki, babbar kotunsu a Abijan. Ɗan kasuwar Garwa da na Njamena doka ɗaya ke kansu a wannan fanni. Dokar ƙwadago kuwa ba a haɗe ta ba, kowace ƙasa da tata, abin lura ga direban da ke ƙetare gadar Kuseri.

Na shiga adashi na biyu, na ware shi don shekara biyun horo kaɗai. Maigida ya ce zai ɗauki kuɗin makarantar yara gaba ɗaya idan lokacin ya yi.

26 ga Yuli, 2025

Sakamako ya fito. Dokar mulki sai da na sake zama a zagaye na biyu, ta wuce. Na shiga aji uku, shekarar lisans, kuma a nan ne za a karantar da dokar ƙwadago, wadda dominta na zo.

Tsohon lauyan nan ya ce in riƙa zuwa ofishinsa ranar Asabar ina jera masa fayilolin ƙwadago ina duba lissafinsu, ba a matsayin mai horo ba, don ido ya saba. Sharaɗinsa ɗaya: duk abin da ya shafi kamfaninmu ko abokan hulɗarsa ba zan taɓa ba. Na amince. Matan islamiyyar unguwarmu kuma sun nemi in zo in yi musu bayani da Hausa a kan takardar aure da ta haihuwa, malam ya ba da lokaci bayan darasi a watan gobe, ina shirya abin da zan faɗa.

Maganar aiki ce ba ta warware ba. Darussan aji uku sun fi yawa, fitar safiya ba za ta isa ba. Ranar Litinin na miƙa takarda ina neman a rage mini awanni a rage albashi daidai da su, in kuma horar da mataimakina ya karɓi sallama da ladabtarwa, ni in tsaya a kan albashi da CNPS. An ce za a ba ni amsa kafin a koma karatu a Oktoba. In ba a yarda ba, adashin farko zai fito a Disamba, da shi zan lissafa ranar ba da sanarwar ajiye aiki.